Igiya a Ƙugu

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ruwa ya zuba masa halittu, ya hore mana waɗansu, ya ɓoye mana waɗansu. Ku gyara zama, jama'a. Ni ne Makau ɗan Tunau, Basarke, wato masunci, daga bakin babban kogi, kuma abin da zan faɗa muku idona ne ya gan shi, jikina ne ya ji shi. Wanda ya ga kamar na ƙara gishiri, hanya a buɗe take, ya je ya gano.

Mu biyu mahaifinmu ya bari, ni da ƙanena Jibo. Ni na gaji hannunsa wajen jifa da zago, mashin nan mai ƙugiya da igiya da muke farautar ayu da dorina da shi. Jibo kuwa zuciyar mahaifiyarmu ya ɗauko. Ƙato ne, ya fi ni tsawo da faɗin kafaɗa, shi kaɗai yake ɗaga kwalekwale ya aza a ka, amma in za a yanka kaza sai ya kau da kai. Na sha zaginsa a kan haka. Shekarar da kogi ya janye, ayu ya yi wuyar gani, na ce masa mu bi ruwan nan mu ga inda ya ƙare, ko arzikinmu yana can. Bai yi musu ba, don tunda uwarmu ta haife shi bai taɓa yi mini musu ba.

Muka bi kogi har ya kai mu wani kurmi inda itatuwa ke tsaye cikin ruwa a kan dogayen saiwoyi. Mutanen wurin suka tare mu da kwari da baka, nufinsu su sayar da mu. Muka kife kwalekwalenmu muka shige ƙarƙashinsa, muna numfashi da 'yar iskar da ta rage a ciki, ruwa ya tafi da mu suna can suna neman gawarmu a cikin saiwoyi. Daga nan muka faɗa teku, muka sha wuya, har muka isa wani birnin jiragen ruwa da ake kira Bandar Sufra, inda ake jin harshe iri-iri a kasuwa guda. Muka zauna muna dako har muka iya harshen 'yan jirgi.

A can wani mai jirgi da ake kira Zurƙan ya ga na jefi wani ƙaton kifi daga kan gaɓa ban kuskure ba. Dogon mutum ne mai jan gemu, yana magana a hankali kamar wanda ba ya son ya tashi mai barci, kuma ban taɓa ganin ya yi dariya ba. Ya ce zai tafi arewacin duniya neman fatu, ƙasar da 'yan jirgi ke kira Zamharira saboda sanyinta, yana bukatar mai jifa da mai ƙarfi. Na amsa mana mu biyu ban ko waiwayi Jibo ba.

Tafiya ta yi tafiya. Ruwa ya koma baƙi, muka soma gamuwa da duwatsun ƙanƙara suna yawo a kan teku, wani ya fi dutsen garinku girma. Rana ta daina hawa tsakiyar sama, sai dai ta yi ta zagaya gefe kamar baƙon da ya rasa ƙofar gida. In ka tofa yawu, kafin ya kai ƙasa ya daskare. Daga ƙarshe muka isa inda tekun kansa ya zama fili, fari fat, iyakar ganinka, kuma a kan filin nan ne na fara ganin karen teku.

Bari in siffanta muku shi. Kansa kamar na kare marar kunne, jikinsa kamar na ayu, ba shi da ƙafa sai 'yan fukafukai da yake jan ciki da su. Idanunsa manya ne baƙaƙe, kullum da ruwa a cikinsu. Lokacin haihuwarsu muka tarar, iyaye mata birjik a kan ƙanƙara, kowace da ɗanta a gefe, fari tas kamar auduga, bai ko iya ruwa ba tukuna. Ashe farar fatar 'ya'yan nan ce ta kawo Zurƙan.

Aka raba wa mutane kulake masu ƙusa a ka. Ni aka ajiye ni a bakin ruwa da zagona, in tare iyayen da za su dawo faɗa. Abin da na gani ran nan ba farauta ba ce, na yi farauta na san ta. Mutum zai taka har gaban ɗan abin nan, shi kuma ya ɗago kai yana kallonsa, sai ka ji ƙwas, ƙwaƙwalwa ta tarwatse. Mai wuƙa na biye, ya tsaga daga wuya zuwa wutsiya, ya sa ƙafa ya taka, ya zare fata, ya wuce. Wani bai gama mutuwa ba ake feɗe shi, ka ga jan nama yana motsi a kan ƙanƙara yana buɗe baki. Jini ya narkar da ƙanƙara har muna tafiya cikinsa zuwa idon sawu, tururi na tashi. Ba mai ambaton sunan Allah, ba mai ɗaukar ko tsoka guda. Ni abin da ya fi ci mini rai ke nan, wannan uban nama da aka watsar wa tsuntsaye. Wallahi da mahaifinmu ya ga haka da sai ya tsine wa jirgin da duk wanda ke cikinsa.

Jibo kuwa ba naman ne ya dame shi ba. Ya tsaya da kulki a hannu kamar gunki, har shugaban mafeɗa, wani guntun mutum mai baƙin baki, ya ingiza shi ya ce ko ya yi aiki ko ya kwana da yunwa. Jibo ya rufe ido ya kai duka. Da yake ido a rufe yake, sai ya sami kafaɗa maimakon kai. Abin nan ya tsala kuka irin na jaririn da aka yi wa kaciya. Guntun nan ya yi tsaki, ya durƙusa ya soma feɗe shi da ransa.

Ban ga lokacin da Jibo ya ɗaga guntun nan ba. Na dai ga ƙafafun mutumin a sama, sannan na ji ƙarar bayansa a kan ƙanƙara, kuma bai sake tashi ba. Zurƙan bai ɗaga murya ba, hannu kawai ya nuna. Mutane suka rufar wa Jibo da kulake. Na rugo na soke ɗaya a cinya har zago ya ɓullo ta baya, na fasa wa wani hanci da goshina, kafin wani ya same ni a ƙeya duniya ta yi duhu. Da na farfaɗo, jirgi ya yi nisa. Jibo na kwance kusa da ni cikin gawarwakin nan, ƙafarsa ta hagu ta karye ƙashi ya leƙo, zagona na yashe inda suka zare shi suka jefar.

Da mun mutu a nan, ba don wata tsohuwa ba. Na hango ta tana tafe daga nesa, gajera, ta lulluɓe da fata daga kai har ƙafa, karnuka na ja mata wani katako mai santsi. Na zaci nama ta zo kwasa. Sai na ga tana bin gawarwakin ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe bakin kowace ta ɗiga mata ruwa daga wata 'yar salka, ta wuce ta gaba. Da ta iso kanmu ta daɗe tana dubanmu. Ta ga kulki kusa da Jibo, ta ga gawar guntun nan, ta fahimci abin da ya faru ba tare da an gaya mata ba. Sunanta Ansuka, kuma tana jin harshen 'yan jirgi kaɗan-kaɗan. Daga baya ta gaya mini cewa karen teku a ruwan gishiri yake rayuwarsa duka, da ƙishirwa yake mutuwa, shi ya sa ba a barinsa ya tafi ba a ba shi ruwan daɗi ba.

Ta kai mu ƙauyensu, 'yan ɗakunan dutse rabi a cikin ƙasa, an rufe su da fatu. Ta ɗora wa Jibo ƙafa. Na duba ɗakin nan sama da ƙasa, ban ga abu ɗaya da ba daga jikin karen teku ya fito ba. Fitila kitsensa take ci, riga da takalmi fatarsa ce, igiya ma ita ce, allura ƙashinsa, abinci namansa. Ba itace a ƙasar, ba ciyawa, balle gero. Ta kawo mana busasshen nama baƙi ƙirin mai ƙarnin kifi. Ni na yi bisimilla na cika ciki. Jibo ya dube shi ya juya fuska bango, ya ce ya rantse da Allah naman abin nan ba zai shiga bakinsa ba.

Na ɗauka kwana biyu zai yi ya sauko. Ina! Ya tambayi Ansuka ko ba su da wani abin ci ban da wannan, ta kama hannunsa ta ɗora a ƙasan ɗakin, daskararre kamar dutse, ta ce ya nuna mata inda za ta shuka. Ta nemo masa ɗan busasshen kifin da ya rage a ƙauyen, da wani ganyen teku mai yauƙi, ya yi ta lallaɓawa da su har suka ƙare. Sanyi kuma maimakon ya sassauta sai ya dawo da ƙarfinsa. Karnukan teku sun gudu daga wajen tun ranar kisan nan, rumbun kowa ya soma nuna ƙasa, mutanen ƙauyen suka fara yi mana kallon baki biyu da suka ƙaru.

Jibo ya zube a idona. Ƙaton nan ya koma ƙashi da fata, dasashinsa ya kumbura ya yi baƙi yana zubar da jini, haƙoransa na girgiza, karayar da ta soma haɗewa ta sake buɗewa. Ansuka ta duba bakinsa ta ce ta san ciwon, yana kama 'yan jirgi, kuma maganinsa ɗaya ne, ɗanyar hantar karen teku da ɗuminta. Ta ce busasshen nama ma ya wuce yi masa amfani yanzu. In bai samu ba, ba zai ga narkewar ƙanƙara ba.

Ba irin maganar da ban yi masa ba. Na ce malamanmu sun ce abin ruwa halal ne ko da kan kare gare shi. Na ce rantsuwa tana da kaffara, in azumi ne ai ya riga ya yi ya wuce. Na zage shi, na ce ragon banza, zai kashe kansa saboda dabba ya bar ni in koma gida in ce me. Na kai ga ɗaga hannu zan mare shi, sai na ga babu inda marin zai sauka.

Ya ce, "Yaya, na san halal ne. Maƙogwarona ne ya ƙi. Yana kwance yana kallona, ba inda zai gudu, ba abin da zai iya yi mini, na dake shi. In na ɗauki naman nan kukansa nake ji."

Na fita waje don kada ya ga idona. Tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba ko a gaban dorina. Na ce wa kaina in samo hantar tukuna, gardama ta biyo baya.

Ansuka ta yarda ta kai ni. Farautarsu daban take da tamu. Karen teku yana ƙarƙashin ƙanƙara, amma dole ya sha iska, don haka yakan huda 'yan ramuka yana zagayawa yana leƙowa. Mafarauci zai tsaya a kan rami ɗaya, ba motsi, ba tari, har sai ya ji hucinsa, sannan ya soka. Da muka isa ta ɗauki bakin igiyar zagona ta ɗaure mini a ƙugu, ta ƙulle tam, ta ce haka ake yi, kuma ko me ya faru ba a kwancewa, ba a yankewa. Ta tafi wani ramin can gaba.

Na dubi igiyar nan na ce wannan ai hauka ne. Mu a kogi wa ya taɓa ɗaure kansa da dabbar da ya soka? Gora muke ɗaura wa igiya mu sake ta, ayu ya yi ta gudu da shi, mu bi goran a kwalekwale har ya gaji jini ya ƙare, mu jawo abinmu cikin kwanciyar hankali. Haka kakannina suka yi, kuma ba su mutu da yunwa ba. Na kwance igiyar, na hura salkar ruwana ta kumbura, na ɗaura mata. Can na ji huci a ramin, na soka, na kuwa samu.

Igiya ta zare kamar maciji, salka ta daki bakin rami ta fashe, komai ya shige. Sai a lokacin na tuna kogi ba shi da rufi. Ansuka ta rugo, ta kama bin wani jan zanen jini da ke tafiya a ƙarƙashin ƙafafunmu, don ƙanƙarar wajen garau take kamar kwalba. Muka bi shi har muka cim ma karen tekun. Igiyar ta sarƙe a wani tsinin ƙanƙara daga ƙasa, ga shi nan muna ganinsa, yana dukan rufin da hancinsa yana neman iska, jini na fita daga wuyansa. Ansuka ta yi ta sara da sandarta mai bakin ƙarfe, amma kaurin wajen ya fi tsawon mutum. Ya daɗe yana dukan ƙanƙarar nan. A hankali dukan ya ragu, ya juya cikinsa sama, ya tsaya.

Ta miƙe ta juya sandar ta zabga mini a baki, leɓena ya tsage, haƙori ɗaya ya fita. Ban rama ba. Mazan ƙauyen da suka ji labari suka ce a kore ni cikin fili in mutu, don na kashe kuma na zubar, ba ni da bambanci da mutanen jirgi. Ansuka ta tsaya a gabana ta ce saboda marar lafiyar da ke ɗakinta a bar ni in sake sau ɗaya. Ta ciro zagon mijinta ta ba ni, ta ɗaura mini igiya da hannunta.

Ta ce, "Baƙo, wanda ya sa ƙarfe a jikin karen teku ya ɗaure kansa da shi. Ko ka fito da shi, ko ya shiga da kai. Mijina shiga ya yi, kuma ba wanda ya zagi karen teku a kan haka."

Na ce, "Na ji, Inna."

Muka yi nisa sosai kafin mu sami rami mai rai, har muna hango wani baƙin abu can a tsakiyar fili. Da na ƙura ido sai na gane jirgin Zurƙan ne. Sanyin da ya dawo ya kama shi kafin ya fita, ƙanƙara ta matse shi ta karkatar da shi. Jirgi cike da fatu, kuma naman da zai ci da su sun bar wa tsuntsaye.

Na tsaya a kan ramin har ƙafafuna suka daina jin kansu. Ansuka na tsugune a bayana. Sai ga huci mai nauyi, mai wari, ruwa ya kumburo. Na ce bisimillahi na soka da iyakar ƙarfina.

Jama'a, na taɓa riƙe dorina, amma a kwalekwale, da mutane. Wannan ni kaɗai ne da ƙuguna. Fizgar farko ta kayar da ni rub da ciki, ta ja ni a kan ƙanƙara fuskata na gurzar ƙasa, na ji haƙarƙarina ya yi ƙas. Na juya da kyar na tokare ƙafafuna da wani tudun ƙanƙara dab da ramin. Igiyar ta ci rigar fata ta cinye, ta shiga nama. Ina jinta tana yanka ni kamar zaren da ake yanka sabulu da shi, jini mai ɗumi na gangara cikin wandona. Wuƙata na nan a ɗamara, hannuna ya kai kanta ya fi a ƙirga. Duk lokacin da na taɓa ta sai in ga bakin Jibo. Ansuka na ta saran bakin ramin tana faɗaɗa shi, don ta ce namiji ne babba, ba zai fito ta nan ba.

Muna cikin haka ne suka iso, Zurƙan da mutum biyu. Ashe sun hango mu. Da ƙyar na gane su, idanu sun faɗa, leɓe sun tsattsage, ɗaya yana tauna guntun farar fata. Ansuka ta miƙe ta tare su, ɗaya ya kai mata kulki a ka ta faɗi. Zurƙan ya durƙusa ya ɗora mini wuƙa a wuya, ya ce da muryar nan tasa mai sanyi in ba shi igiyar.

Daidai lokacin na ji igiyar ta saki. Duk wanda ya taɓa riƙe babbar dabba a ruwa ya san wannan sakin. Ba mutuwa ba ce, tasowa take yi ta tattara ƙarfi, kuma abin da ke biye ya fi na farko muni. Zurƙan bai taɓa riƙe abin da zai iya ja da shi ba, 'ya'ya kawai ya sani. Na marairaice na ce karen tekun ya mutu, ga shi nan yana tasowa, ƙullin ƙuguna kuma ya daskare ba zai kwantu ba, in ya yanke nama zai nutse. Na ce ya kama daga gabana ya nannaɗe a hannu da kyau kada ya kuɓuce masa. Yunwa ta riga ta cinye masa wayo. Ya sa wuƙa a baki, ya nannaɗa igiyar a damtsensa har wuyan hannu.

Sai dabbar ta nutsa. Na ji ƙarar kafaɗarsa tana fita daga gurbinta, wuƙar ta tsaga masa kumatu, ya tafi da ka cikin ramin. Ramin bai kai faɗin ƙirjinsa ba, sai ya toshe shi, rabi a ruwa rabi a waje, ƙafafunsa na harbin iska. Mutanensa suka tsaya baki buɗe. Ƙafafun suka yi ta harbi, suka koma karkarwa, suka miƙe. Ban ji tausayinsa ba ko kaɗan, kuma har yau ban ji ba.

Ansuka ta ɗago, jini ya rufe mata ido ɗaya. Na zaci ta kanta za ta yi. Sai ta nuna gawar ta ce a cire shi maza, ya toshe wa dabbar iska, za ta shaƙe kamar ta farko. Na daka wa mutanen nan biyu tsawa na ce in suna son su ci abinci yau su kama. Suka kama ƙafafun maigidansu suka ja, ni ina jan igiya ta baya, har muka tumɓuko shi kamar rogo muka yar gefe.

Ruwa ya kumburo, kai ya fito. Ƙato ne, goshinsa duk tabon faɗa, zagon a kafe a wuyansa. Ya ja iska da ƙarfi, ya ja, ya sake ja, ya dube ni. Na matsa da sandar Ansuka, ya kawo mini cizo ya kama damtsena ta cikin riga ya girgiza, na ji haƙoransa a ƙashi. Na ambaci sunan Allah na dake shi sau ɗaya a inda ta nuna mini, tsakanin idanu. Bakinsa ya saki.

Mu huɗu muka jawo shi waje. Ansuka ta ɗiga masa ruwa a baki tana yi masa magana a hankali da harshensu. Sannan ta tsaga ciki ta ciro hanta tana tururi, ta naɗe a fata ta cusa mini cikin riga don kada ta huce. Ta yanka wa mutanen nan biyu rabonsu, har da wanda ya fasa mata kai, ta ce al'ada ce, duk hannun da ya ja yana da rabo. Suka zauna a nan kusa da gawar Zurƙan suna ci ɗanye suna kuka. Ta ce in hau katakon karnuka in wuce, ita za ta tsare naman.

Na tarar da Jibo idonsa rabi a buɗe, numfashi sama-sama. Na ajiye hantar a gabansa. Ya ji warin, ya soma juya fuska bango. Wannan karon ban yi masa wa'azi ba, ba ni da sauran ƙarfin yi. Na kwance ɗamara na ɗaga rigata. Igiya ta zagaye ƙuguna da rami, nama a buɗe, wani wajen har fari ake gani. Na nuna masa damtsena da ramukan haƙora. Na kama hannunsa na ɗora a kan haƙarƙarin da ya karye don ya ji yadda yake motsi.

Na ce, "Wannan ba a kwance na same shi ba. Ya ja ni na ja shi. Ya kashe Zurƙan, ni ma saura kaɗan. Da ya fi ni ƙarfi da yanzu ina ƙarƙashin ƙanƙara, kai kuma kana nan kai kaɗai."

Ya daɗe yatsunsa na kan raunin. Sannan ya tambaye ni ko karen tekun ya sha wuya. Na so in ce a'a. Na ce ya sha, amma ban bar shi ya shaƙe ba, kuma an ba shi ruwa.

Na riga na fid da rai. Can ya buɗe baki. Na yanko 'yar ƙarama, na tauna masa don haƙoransa ba za su iya ba, na tallafi kansa na sa masa. Hawaye na zuba ta gefen idonsa zuwa kunne, maƙogwaronsa ya yi ta kai da kawowa kamar zai dawo da ita, ni kuma na riƙe numfashina. Ya haɗiye. Ya kwanta yana haki, idonsa a rufe, hannunsa bai bar ƙuguna ba.

Ya ce, "Yaya, ƙara mini."